Mai Walda da Tukunyar Lahadi

Mai Walda shi ne sunan da kowa ya san shi da shi a layinmu, kuma da shi zan kira shi a nan. Na fara saninsa a shekarar da ya kama shagon da ke jikin nawa, ni ina ɗinki, shi yana haɗa ƙofofi da tagogi. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fito mini, saboda haka ba na ɓata tawada a kan abin da idona bai gani ba.

Matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, mace da yake kira 'Yar Baba da ƙaninta Auta. Yayar marigayiyar, wadda yaran ke ce wa Inna, ta so ta tafi da su garin da take aure. Ya ƙi. A ƙofar shagonsa ta tsaya ta ce, "Namiji da tukunya? To shi ke nan. Amma ranar da na zo na tarar sun rame, ba shawara zan yi da kai ba, kayansu zan haɗa."

Sayen abinci a waje kullum ya fi ƙarfin aljihunsa, aikinsa kuma ba ya barin mutum ya hura wuta sau uku a rana. Sai ya yanke wa kansa doka: ranar Lahadi ba ya buɗe shago. Yakan je kasuwa lokacin da masu tumatir suka gaji da zama suka sassauta farashi, ya dawo ya dafa shinkafa da wake da miyar da za ta kai su mako, ya zuba a robobi masu murfi, ya jera a tsohon firijin da matarsa ta bari.

A nan sana'arsa ta cuce shi. Shi a saninsa, abu in ya yi zafi, cikin ruwan sanyi ake jefa shi nan take ya ƙara ƙarfi. Don haka daga kan wuta yake cika robobin har baki, ya danne murfi, ya cusa su jikin juna a firiji suna tururi. Kafin tsakiyar mako miyar ta yi tsami. Auta ya kwanta da ciwon ciki har sai da aka kai shi asibiti, labari kuma ya riga kowa isa kunnen Inna. Ta bugo waya ta ce tana nan tafe, ba ta faɗi rana ba.

Akwai wata dattijuwa mai sayar da abinci a bakin layi. Ya ɗauki roba ɗaya ya kai mata, kansa a sunkuye. Ta buɗe, ta kawar da hanci.

"Kai Mai Walda, miya ka dafa ko ƙarfe? Wa ya ce maka ana rufe ta tana huci?"

"Iya, mu a wurinmu in abu ya yi ja, ruwan sanyi ake tsoma shi."

"To sai ka dinga ba yaran nan taga su ci."

Ta koya masa ya baza abinci ya sha iska kafin ya rufe, kada kuma ya bar shi ya daɗe a waje. Na ƙarshen mako ya sa a wurin ƙanƙara. Miya ya yi ta guda, ya raba, wannan da kifi, wannan da ƙwai, wannan da ganye, don kada yara su gaji. Shi kuma ya gyara mata murhunta da ya karkace. Daga nan ya yanko farin ƙarfen da ba ya tsatsa, ya ƙera farantai masu faɗi marasa zurfi na shanya abinci. Ban taɓa ganin ya goge ƙofar attajiri kamar yadda ya goge farantan nan ba.

Inna ta iso ranar Juma'a da rana, lokacin da girki ya kwana biyar, da babbar jaka ba komai a ciki. Ina gidan, na kai wa yaran kayan makarantarsu da na gyara. Ba ta zauna ba. Ta buɗe firiji, ta zaro robar da ke can ƙurya, ta shinshina, ta ce 'Yar Baba ta ɗumama mata. Mai Walda yana tsaye jikin bango, hannuwansa a baya. Ta ci, ta jawo Auta ta matsa damtsensa, ta leƙa idonsa, ta ci gaba da ci.

"Gishiri ya yi yawa."

"Na ji, Yaya."

"Albasar ma ba ta soyu ba."

"Za a gyara, Yaya."

Sai da ta ga ƙasan kwanon, sannan ta naɗe jakarta ta sa a hammata.

"In an yi hutu ka turo mini su, su ci abincin mace."

"Za su zo. In haɗo musu da robobi?"

"Rufe mini baki, mai ƙona ƙarfe."

Yaran ba su bar gidan ubansu ba. Daga baya aiki ya yi masa yawa, ya koma shago mafi girma a wata unguwa, muka rage haɗuwa. Ganina da shi na ƙarshe a tashar mota ne, ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayun bara.