Takardar da Yaya Ta Yaga

Allah da Ya ba mu aronta Ya karɓi abinSa. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, Yaya ta cika a asibiti bayan jinyar ƙoda ta wata bakwai, aka kai ta makwancinta bayan la'asar. Ba cikinmu ɗaya ba. Shugabata ce a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin kamfanin magani, inda muka shekara tara muna tsayuwa gaban sikeli ɗaya.

Yaya, a wurin zaman makoki na ji autarki tana ce wa wata, "Ai Mama akwai faɗa, shi ya sa aka sallame ta daga aiki." Na sunkuyar da kai. Shekara shida ina riƙe da gaskiyar wannan magana, yau zan sauke ta.

Ranar da na fara aiki na fasa kwalba, kika ɗauko tsintsiya da kanki, kika ce kowa da tasa ya fara. Da ƙyanda ta kama 'yata, mako biyu kina yin aikina da naki, ko a fuska ba ki nuna ba. Ma'aikata suna ce miki Sake-Auna, don kullum maganarki ke nan, ke kuma ki amsa kina dariya.

Wata safiya aka kawo buhuna arba'in na farin garin da ake haɗa maganin ƙwannafi da shi. A takarda sukari ne da kabonet ɗin kalsiyam, sinadarin alli. Ni na yi gwajin. Na wanke sukarin, na busar da sauran, na auna giram goma, na zuba ruwan asid ya yi kumfa har iskar da ke cikinsa ta gama fita. Da kalsiyam ne, nauyin zai ragu da giram huɗu da ɗigo huɗu. Ya ragu da biyu da ɗigo biyu da 'yan kai. Manaja ya ce algus ne kawai, an surka shi da farar ƙasa, a ninka awon garin a cikin maganin a wuce wurin. Injunan kamfani suna jira. Na sa hannu a takardar amincewa.

Kika shigo, kika ɗaga kwalbar sama kina dubawa.

"Ƙanwata, ina ƙasar take? Komai ya narke."

Kika ja biro a bayan takardar. Daga nauyin iskar da ta fita kika fitar da nauyin sinadarin, kusan ɗari biyu, kika cire sittin na kabonet, abin da ya rage ya faɗa kan wani sinadari, bariyam, ba kalsiyam ba. Kika taɓa ɗigon ruwan a harshen wuta, ya koma kore. Guba ce da ake kashe ɓera da ita, kuma masu juna biyu ne suka fi sayen maganin nan. Tun ina ƙarama na karanta a allo azabar masu tauye awo, ban taɓa zaton zan tsinci kaina a sahunsu ba.

Kika yaga takardar da na sa wa hannu, kika rubuta sabuwa da sunanki kaɗai. Manaja ya ce a mayar da buhunan shiru ga dillalin da ya kawo su. Kika ce in sun koma, gobe wani za a sayar wa, kika kai rahoto hukuma. Bayan wata biyu aka sallame ki, wai ba kya girmama na gaba. Ni aka ba kujerarki, kuma na zauna. Da na zo gidanki ina kuka, kika ce, "Ki yi shiru, 'ya'yanki ƙanana ne. Gara a ce akwai mai aunawa a ɗakin nan." Na yi shirun, har ya wuce inda kika nufa.

'Ya'yan Yaya, mahaifiyarku ba faɗa ya fitar da ita ba. Ta tare guba ce daga bakin mutanen da ba su san ta ba, ta kuma rufa min asiri har kabari. Sa hannun da ya kusa halaka su nawa ne. Ku yafe min barinku da na yi cikin wannan zato.

Ya Allah, Ka jiƙan Yaya, Ka sa jinyarta ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinta, Ka rufa mata asiri ranar tonon asiri. Ka ba maigidanta da 'ya'yanta huɗu da 'yan'uwanta haƙurin rashinta. Ni kuma Ka yafe min, Ka kyautata ƙarshenmu. Amin.