Hancin Jikan Baba

Malamai sun kasa haƙuri gida uku, amma da sun zauna a Agege ta Legas a shekarun da soja suka koma bariki, da sun ƙara na huɗu: haƙurin jiran hoto ya buɗe a shagon intanet.

Lokacin ina koyar da Turanci a wata firamare ta unguwa. Saboda na taɓa yin kwas na mako biyu, sai aka naɗa ni masanin kwamfuta ba tare da an tuntuɓe ni ba, ni kuma ban ga dalilin musawa ba. Maƙwabcina wani dattijo ne mai fataucin goro, Baba muke ce masa. Ɗansa da ke karatu a Masar ya sami ƙaruwa ta ɗa namiji, ya aiko da hoton jaririn ta imel ɗina. Ranar kuwa Baba zai bi motar goro zuwa Arewa, ana idar da Azahar za ta tashi, kuma Hajiyarsa ta aiko cewa kada ya kuskura ya shigo mata gida bai ga jikan da idonsa ba. Injin buga takarda na shagon ya daɗe da rasuwa, saboda haka ido kaɗai ya rage mana.

Na riga shi zuwa da awa guda. To, ina da ɗabi'ar masu karatu: ba na rufe littafi, kifa shi nake yi a inda na tsaya. Haka na yi wa burauza, abin da ake leƙa intanet da shi. Duk jaridar da kanunta ya ja ni sai in buɗe mata taga daban, in sauke ta ƙasa da niyyar zan dawo. Zamanin sabuwar majalisa ne, kullum ana shirin tsige wani.

Baba ya iso, ya yi bisimilla, ya zauna. Na danna hoton. Ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi, kamar masaƙi marar lafiya ne ke aikin.

"Malam, wannan ai bango ne."

"Daga sama yake farawa, Baba."

"To me ya hana yaron nan ɗaga jaririn sama?"

Bayan bango muka sami fanka, bayan fanka hular ɗansa. Daga nan komai ya tsaya. Na ja maus, wato linzamin kwamfutar, kibiyar da ke kan allo ta ƙi motsi, can sai ta yi tsalle zuwa wata kusurwa da ban aike ta ba. Akwatin kwamfutar ya kama gurnani.

Na ce zafi ne. Baba ya cire hula ya shiga yi mata fifita. Na kifa maus na hura masa iska, na girgiza wayoyin baya ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Sai na gyara murya na ce, "Ina zargin bairos ne, wata cuta ce da ke kama su." Baba ya ja kujerarsa baya kaɗan, ya duba agogo, ya dube ni. A waje ladan ya fara gwada lasifika.

"Malam, in ba zai yiwu ba ka faɗa mini, in fara shirya ƙaryar da zan yi wa Hajiya."

Nan mai shagon ta taso, wata Bayarabiya haifaffiyar Agege wadda Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta leƙa ta bayan kafaɗata, ta nuna ƙasan allon, inda tagogina suka matsu har ba a iya karanta sunan ko ɗaya.

"Oga Tica, mutum nawa ka gayyato cikin injin nan? Ko motar danfo aka yi wa wannan lodin ai sai an tura."

Na ce bincike nake yi. Ta ce ta gani. Ta karɓi maus ta shiga rufe su, kowace sai an jira ta yi tunani kafin ta tafi. Ta bar tagar hoton kaɗai. Gurnanin ya lafa, hoton ya gangaro: fuskar uban, kafaɗa, hannu, sannan wani ƙunshin tawul fari wanda babu abin da ya leƙo daga cikinsa sai hanci.

Baba ya matso har numfashinsa ya taɓa gilashin. Ya daɗe yana kallo.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Zan gaya mata ta yi sabon miji, amma hancin na tsohon ne."

Ya sami sallah, ya sami mota. Da ya dawo bayan wata biyu na ji yana ba abokansa labari a rumfar goro, wai Malam ya yi artabu da cutar kwamfuta har ya kayar da ita. Ban gyara masa ba. Ba tarbiyya ba ce ka katse babba.

Tagogin da matar ta rufe ashirin da uku ne. Ko ɗaya ban karanta ba.