Ranar da Mai Ya Ƙi Fita a Turmin Inna

Shekarar da maigidana ya shiga soja, lokacin yaƙin basasa, ni da surukata muka rage a gida, a wani ƙauye kusa da Gwaram. Inna nake ce mata. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk ranar kasuwa ake zuwa ɗauka.

Shi ne ɗanta na fari, ita kuma jinin Fulani ce, ko da yake Hausa take yi. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kama sunansa, ba ta tambayar labarinsa. In mota ta iso daga Birnin Kudu jama'a suka ruga bakin hanya jin labari, ita ko zaure ba ta leƙawa. Wallahi abin yana ƙona mini rai. Nakan ce a zuciyata, wannan tsohuwa dutse aka sa mata a ƙirji ne?

Ni kuwa hankalina ya bar jikina. Sai in ɗora tukunya ba ruwa, in idar da salla ban san surar da na karanta ba. Maƙwabta suka fara ƙus-ƙus, wai matar soja ta fara taɓuwa. Ni ma tsoron da nake ji ke nan.

Inna ba ta yi mini wa'azi ba, taɓarya ta miƙo mini. Fid da mai aiki ne mai tsirfa. In an soya gyaɗa an daka ta yi laushi, sai a dinga juya ta a turmi ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan, har ta dunƙule mai ya taso. Ruwa ya yi yawa, shi ke nan, ta caɓe, ko za ki wuni kina juyi ba ki ganin mai. Ranar farko na caɓe mata turmi guda. Ta dube ni ta ce, "Kina ina?"

Na ce, "Ga ni, Inna."

"Hannunki ne a nan, ke kina kudu. Dawo."

Haushi ya kama ni. Ta ce in saurari ƙarar turmi, in ji nauyin taɓarya a kafaɗata, in na ga gyaɗa ta fara ƙyalli in tsai da ruwa. Kullum haka. Da zarar idona ya tafi sai in ji, "Kina ina?" A hankali na fara yi wa kaina tambayar, a bakin rijiya, a gindin murhu, har a kan sallaya. Kewar ba ta tafi ba, amma na daina ƙona tukwane, barci ma ya dawo mini.

Da yaƙi ya ƙare sojoji suka fara dawowa. Wata hantsi wani mutumin Zandam da suka tafi tare da maigidana ya yi sallama. Ƙanin surukina da ke maƙwabtaka da mu ya tare shi a zaure, mu muna tsakar gida, zana ce kawai a tsakaninmu. Muna ji ya ce a wajen ƙetare wani kogi suka rabu, tun ranar ba wanda ya sake sa shi a ido.

Inna ce a kan turmi. Ba ta ɗago kai ba. Ta ɗebi ruwa cike da ludayi ta juye gaba ɗaya, ta ƙara wani. Matar da tun tana budurwa take wannan aiki! Gyaɗa ta caɓe kamar kunu, ita kuwa sai juyi take yi.

Na je na riƙe taɓaryar. Na ce, "Inna, kina ina?"

Tana kallon turmin ta ce, "Ina wajen yaron nan." Sai ta faɗi sunansa. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma ban sake ji ba.

Na ce, "Dawo, Inna."

Ta ce, "Bar ni tukuna."

Na bar ta. Na kwashe gyaɗar da ta caɓe, na wanke turmi, na hura wuta na soya wata.