Ranar da Wasan Talabijin Ya Biyo ta Layinmu

Ko zan manta komai a rayuwata, ba na jin zan manta ranar da wani saurayi da muka saba gani a talabijin ya faɗi a ƙofar shagona, baki duk jini. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai kaina ya sake ɗaurewa, don ban gama sanin wanda zan ɗora wa laifin ba.

Ni tela ce. Shagona yana Sabon Gari a nan Keffi, a layin da ke fita babban titi, jikin garejin wani makanike. Ina da 'yar talabijin a saman kabad, na saye ta ne don masu jiran ɗinki su daina zuba wa hannuna ido suna mita. A shekarar ne aka fara wani shiri da ya haukata unguwarmu. An ɗebo mutane haka kawai, wannan direba, wancan malamin makaranta, waccan mai gyaran gashi, aka ce su gudu su ɓuya duk inda suka ga dama a ƙasar nan, sannan aka sa wasu tsofaffin jami'an tsaro su farauto su. Wanda ya kai ƙarshe ba a kama shi ba, kyauta mai tsoka tasa ce. Kowane mai gudu akwai mai kyamara da ke biye da shi, duk Asabar da rana a nuna mana abin da ya faru cikin makon. Ana kuma watsa hotunansu a waya, wai duk wanda ya hangi ɗayansu ya ba da labari, akwai tukuici.

Ranar Asabar shagona ba ya ɗinkuwa. Makaniken nan zai shigo da hannunsa baƙi ƙirin ya zauna mini a kan benci, in yi ta faɗa kada ya taɓa mini yadin mutane, ko a jikinsa. Shi ɗan bayan mafarautan ne, ya san yadda ake bin sawun waya fiye da su, a bakinsa dai. Ni kuwa masu gudun nake so, musamman wani siririn saurayi mai jar hula, mai yawan dariya, wanda ya taɓa kwana a bayan motar tumatir don ya tsere. Mu yi ta musu kamar gadonmu ake rabawa.

Sai Mama, mahaifiyata. Bayan rasuwar Baba na ɗauko ta daga ƙauyenmu can wajen Garaku, kuma da yake ba ta iya zaman banza, sai ta kafa tiren gyaɗa a ƙofar shagon. Ita ma tana leƙo kai ta kalla, amma abin bai taɓa shiga kanta ba.

"Wannan mai jar hular, kayan wa ya ɗauka?" ta tambaye ni ran farko.

"Bai ɗauki kayan kowa ba, Mama. Wasa ne."

"To waɗancan masu baƙaƙen kayan fa?"

"Su ma wasa suke yi."

Ta daɗe tana kallona kamar ni ce ba ni da lafiya. Ta ce ita tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin inda babban mutum mai furfura ya bar gidansa ya bi ɗan wani da mota ba, a ce wai wasa. Na yi bayani har na gaji, makanike ya yi nasa da zane a ƙasa, a banza. Ƙarshe dai Mama ta sa mai jar hula cikin addu'arta ta safe, tare da ƙannena da ke Legas. Mu kuwa muka mai da abin na tsokana, in ya tsere mu ce addu'ar Mama ce ta ci.

Ranar da abin ya faru Talata ce, da rana tsaka, ina kan keke ina haɗa wata riga da aka matsa mini a kanta. Sai na ji muryar makanike daga waje, da dariya a cikinta, irin ta wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo.

"Ga shi nan! Wallahi shi ne, ku kama shi!"

Na fito da almakashi a hannu. Shi ne kuwa, ba jar hular, amma fuskar nan ba ta ɓace mini ba. Ya sheƙo a guje daga wajen titi, jaka a bayansa, wani ƙato yana bin sa da kyamara a kafaɗa yana haki. Tsakani da Allah, abin da na fara ji daɗi ne. Har na ɗaga hannu zan yi masa kirari.

To amma layinmu ba duka ke kallon shirin ba. A bakin layin akwai 'yan acaɓa da ke jiran fasinja, ga masu dako, ga masu wucewa. Su abin da suka gani shi ne mutum yana gudu da jaka, wani yana bin sa, ga kuma ɗan unguwa da suka sani yana cewa a kama shi. A wurinmu wannan ba ya bukatar ƙarin bayani. Ban san bakin da ya fara cewa ɓarawo ba, kuma har yau ba wanda ya amsa cewa shi ne. Wani ya sa masa ƙafa, ya kifa daidai gaban tiren Mama, kafin ya ɗago an rufe shi.

Abin da ya biyo baya, in na ce na fahimce shi a lokacin, na yi ƙarya. Ina ihu ina cewa ɗan talabijin ne, wani ya juyo ya ce mini ashe ma talabijin ya sata. Na ce a'a, a cikinta yake fitowa, wata mata ta ce to ai shi ke nan, tun da har an nuna shi ana nemansa, babban ɓarawo ne. Wani da ke da hoton a wayarsa ya ɗaga don ya taimaka, mutane suka ga fuskar da rubutun ana nema a ƙasanta, dukan ya ƙaru. Mai kyamarar kuwa, wasu bayin Allah sun riƙe shi suna ba shi haƙuri, an fizgo jakar an danƙa masa, ana cewa ya duba ko kayansa sun cika. Shi yana ta rantsuwa da Turanci cewa tare suke, ana shafa masa baya ana cewa ya kwantar da hankalinsa, yau Allah ya kama masa shi.

Saurayin yana ƙasa ya rufe kai da hannuwa. Ba ya jin Hausa sosai, abin da yake ta maimaitawa da Turancin buroka shi ne wasa ne, wasa ne. Wa zai saurare shi? Kowane ɓarawo ma da abin da yake faɗa.

Sai na ga taya tana gangarowa. Daga garejin makaniken aka ɗauko ta, shi kuma yana rungume da ita ana jan sa a ƙasa, yana kuka wiwi, ƙaton mutum. Da maƙogwaron da ya ce a kama shi, da shi yake cewa a bari, amma yanzu ba mai jin sa. Na ji wani yana tambayar wa ke da fetur a babur. Na san abin da ke biyo bayan wannan tambayar, duk wanda ya girma a garin nan ya sani.

Ban ga lokacin da Mama ta tashi ba. Matar da sai na kama ta take hawa dakalin shago, sai ga ta a tsakiyar maza tana ture su da gwiwar hannu. Ta kwance zanen da ta yafa a sama ta lulluɓe shi, ta cire ɗankwalinta ta jefar a ƙasa, furfurarta a waje, ta zauna daɓas a jikinsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wanda mace ta haifa a cikinku, ya fara da ni."

Wurin ya ɗan yi sanyi. A wurinmu tsohuwa ba ta tuɓe ɗankwali a gaban maza a banza, kuma ba wanda ke son ya kwashi abin da ke biyo baya. Wani ɗan acaɓa da sanda a hannu ya ce, "Mama, ɗanki ne?"

"Nawa ne. Duk Asabar ina ganinsa. Yunwa yake sha, sauro yana cinsa, ban taɓa ganin ya ɗauki ko allurar wani ba."

Wannan amsar ta ƙara rikita su, amma rikicewar ce ta cece shi. Aka shiga tambayar juna. Wani dattijo ya ce a buɗe jakar. Aka zazzage: garin kwaki a leda, tocila, buroshin haƙori, safa masu wari. Dattijon ya dubi mai kyamara ya ce wanne ne nasa a ciki, ya ce babu. Ya ce to don me kake bin sa? Ya ce aikinsa ke nan. Dattijon ya riƙe haɓa, ya ce shi dai bai gane ba, kuma a gaskiya ya faɗi abin da ke ran kowa.

Ana cikin haka wata baƙar mota ta tsaya, mafarautan suka fito da rigunansu masu aljihu. 'Yan dukan suka ɗauka hukuma ce, kafin ka ce kwabo layin ya watse, har da wanda ya bar takalmi. Babbansu, mai furfurar nan da muke gani yana ba da umarni, ya tsaya yana kallon jinin da ke ƙasa. Ya durƙusa ya ce wa Mama su ne za su kai shi asibiti. Mama ta ce ba inda za shi, ai su ne suka koro shi. Sai da saurayin da kansa ya kama hannunta, ya yi magana ina fassara mata, cewa ta bar shi ya bi su, su ba za su taɓa shi ba. Ta dube ni, ta dubi mutanen motar, ta dubi sandunan da aka zubar.

"To da waɗannan da waɗanda suka gudu, su wane ne masu wasan?"

Ni da na yi makonni ina yi mata dariya, sai na duƙa na ɗauko mata ɗankwalinta daga ƙasa.

Ya rayu. Makanike ne ya riƙa zuwa duba shi a asibiti, shi ya kawo mana labarin cewa haƙora sun tafi, kuma kunnensa na hagu ya mutu. Da Asabar ta zo na kunna talabijin, ina jiran in ga yadda za su nuna mu wa duniya. Aka nuno shi yana gudu a titinmu, aka saka kiɗa mai zafi, sai kawai ga shi a bayan mota an ja masa hula har hanci, an rubuta cewa an kama shi a Keffi. Babu taya, babu Mama, babu mu. Wata mai jiran ɗinki da ba ta san komai ba ta ja tsaki ta ce dama wannan bai iya gudu ba, ragon banza. A waya ma haka aka yi ta rubutawa, ana dariya. Ban san ko haushi zan ji ba ko godiya zan yi da aka rufa mana asiri. Na kashe talabijin ɗin na koma kan keke.

Abin da na koya shi ne, ihu in ya bar bakinka ya tashi daga naka, ya zama na wanda ya ji shi, kuma shi da abin da ya sani zai yi aiki, ba da abin da kake nufi ba. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, titinmu kuma ba wurin da za a ce a kama mutum da wasa ba ne. Saurayin nan yau da kunne ɗaya yake jin duniya, alhali a cikin waɗanda suka san shi a layinmu, babu ko mutum ɗaya da ba ya son sa.