Rumfar da Yaya Garba ya huda da gangan

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Garba makwancinsa a Yelwa. Allah ya jiƙansa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk bakin tafkin nan an san shi da jinka da saƙar zana. Ga shi da alfahari da aikinsa, har ya kan ce ruwan da ya sami hanya a jinkarsa bai riga ya zubo ba.

A farkon shekarun Jihar Kebbi wata Baturiya ta zo tare da mijinta mai binciken kifi. Bayahudiya ce mai zanen hotuna, mu dai Rahila muke ce mata. Damina na ƙarewa ta nemi Yaya ya kafa mata bukka a tsakar gida. Ta ce suna da idi na mako guda da suke cin abinci a bukka, don tunawa da zaman kakanninsu a jeji tare da Annabi Musa.

Yaya ya zage ya yi mata jinka mai kauri, ko allura ba ta ratsawa. Ta shiga ta ɗaga kai ta dubi rufin.

"Malam Garba, ta yi kyau, amma ba na ganin sama," in ji ta.

"To, mi za ki yi da sama? Ruwa za shi doke ki."

Ta ce ai haka ake so. A addininsu dole rufin ya zama na ganye ko ciyawa, inuwa ta fi rana yawa, amma a bar inda za a hangi sama. Yaya ya dawo gida yana huci, wai an sa shi ɓata sunansa da hannunsa. Na yi masa dariya har ya kusa marina.

Amma ya koma. Tun da sai an huda, ya ce shi zai huda da tsari. Ya saƙa zanar gamba ya bar ƙofofi, sai ga hasken rana na sauka ƙasa da siffar kifi da kwalekwale. Ita kuma ta rataya tsohon taru da ƙorai, ta zana tafkin a jikin yadi, da rubutunsu mai farawa daga dama kamar ajami. Ta ce a ƙasarsu masu zane da yawa haka suke yi, suna riƙe da dokar iyaye, suna yi mata sabuwar riga. Bayan tafiyarta Yaya ya ci gaba da wannan saƙa, masu shayi da mahauta suna saye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗansa Mu'azu, wanda ya gaji sana'ar. Wasu sun fara yi masa raɗa a kasuwa, wai saƙar Yahudawa ce, Musulmi bai kamata ya taɓa ta ba. Makon jiya ya same ni ya ce, "Baba, ni dai zan bari. Na gaji da maganar mutane."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ji. Mutumin da sahun farko bai wuce shi ba, ya yi wa baƙuwa aiki, ta yi ibadarta, ya yi tasa, babu wanda ya rage wa wani komai. Gambar tamu ce, kifin namu ne, hannun da ya ƙirƙiro saƙar kuma na ɗan Yauri ne. Idan Mu'azu ya bari, babu wani mai rai da ya iya ta.

Na ce masa ban yarda ba. Na sa an cire kwanon rumfar ƙofar gidana, wadda ke bakin titi, na ce ya saƙa mini mafi girman da ya taɓa yi. Ya ce mutane za su yi magana. Na ce su zo su yi ta a ƙarƙashinta, ni zan shimfiɗa musu tabarma.

Jiya da safe na gan shi ya nufi fadama da lauje.