Littafin da na naɗe ƙosai da shi

Ina sayar da koko da ƙosai a bakin titi a Lamashegu, kuma a gidana komai da tsarinsa: salla, shara, karatu, sannan hira idan lokaci ya ragu. Bara, da 'yata ta dawo hutu daga sakandare, na ga wanke-wanke yana kai azahar, ita kuwa tana bayan ɗaki da wani littafi. Na karɓa. Na Turanci ne, a bangonsa an zana yarinya da yaro sun jingina da keke ɗaya. Na tambaye ta na wane darasi ne, ta sunkuyar da kai. Na ce tunda ba shi da darasi zan sama masa aiki, da shi zan riƙa naɗe ƙosai. Ba ta roƙe ni ba. Ta dai ce ba ta gama ba, ta nuna mini takardar da ta lanƙwasa wa kunne, can wajen tsakiya.

Karatuna bai yi nisa ba, da yatsa nake bin layi. Duk da haka na ƙudurta cewa kowace takarda sai na karanta ta gaba da baya kafin ta sha mai, don in san abin da ya shiga kan yarinyata. Daga farko na fara yagowa, bi da bi.

Abubuwan da suka ɓata mini rai zan fara faɗa. Na farko, babu mai shara ko girki a littafin nan, abinci sai dai a gan shi a kan tebur. Na biyu, yarinyar cikin labarin tana yi wa uwarta ƙarya, marubuciyar kuma ba ta tsawata mata ko da layi ɗaya ba. Na uku, ana barin ta da yaron su kaɗai suna zance a shagon gyaran keke. Waɗannan har yau ban yarda da su ba.

Sai kuma abin da ban zata ba. Yaron yana da haƙuri, ba ya katse ta idan tana magana. Tsoron da yarinyar ke ji idan ta ji takun uwarta an rubuta shi daidai, har na tuna nawa tsoron a gidanmu na Changli. Uwar kuwa mai sayar da atamfa ce, mai tsari, ba ta tambaya sai yanke hukunci. Tana bincika jakar 'yarta idan ta shiga wanka. Da farko ina bayanta. A hankali na daina jin daɗin zama a bayanta.

Wani direban yalo-yalo, mai keken haya da ke karyawa a wurina kullum, ya taɓa tsokanata da cewa ƙosan Hajiya yanzu sai ya ci jarrabawa kafin a miƙo shi. Na ce ya karɓa ya ba na bayansa wuri.

Ranar da na iso takarda mai lanƙwasasshen kunne, na tsaya. Daga nan gaba 'yata ba ta karanta ba, saboda haka hujjata ta ƙare. Zan iya mayar mata da ragowar. Zan iya kuma karantawa ba tare da na yaga ba. Amma mace kamata ba za ta zauna a bakin titi da littafin soyayya a hannu ba, alhali takarda guda a hannun mai ƙosai ba mai kallonta. Na yago. Na ci gaba da yagowa har bango ya zama fanko.

Hutu ya kusa ƙarewa, muna zaune muna surfa wake a tsakar gida, sai 'yata ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Mma, kin karanta, ko? Na ga yadda kike riƙe takardun."

Na ce na duba.

"To yaya ya ƙare?"

Na ba ta labarin bi da bi, yadda na same shi. Yarinyar ta ci jarrabawa, ta samu makaranta mai nisa. Yaron bai hana ta tafiya ba, shi ya ɗora mata akwati a mota a tasha. Na faɗi har kalar rigar da ta sa. Takarda ɗaya na tsallake, wadda uwar ta shiga ɗakin 'yarta ta zauna a bakin gado, ta ce ta yi kuskure da ta taɓa mata kaya, ta nemi ta yafe mata. Wannan takardar na daɗe da ita a hannu har man ƙosai ya fara hayaƙi, sannan na naɗe wa wata mata da ita.

'Yata ta saurara har ƙarshe, hannunta a cikin ruwan wake.

"Uwar fa? Ba ta ce komai ba?"

Na ce ba ta ce komai ba.

Ta gyaɗa kai, ta tsiyaye ruwan, ta tashi ɗebo wani.