Wuƙar Kan Jariri

Ina ɗakin jego a Hindawiyya, unguwarmu a ƙasar Makka, aka fara maganar dokar makamai. Ba wanda ya ga takardarta, amma kowa ya haddace ta. Wai bindiga ko wuƙar ɗamara, wanda aka kama da ita ba rukhsa, wato izinin riƙe ta, in baƙo ne a soke iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, a sa shi a jirgin ruwa. Mazan unguwarmu, masu cika baki a shagon shayi, suka riƙa sulalewa bakin teku da ƙunshi a hammata suna dawowa hannu wofi.

Tawa wuƙar ta damtse ce, da ita mahaifina ya ratso Sudan a ƙafa. Tana ƙarƙashin matashin ɗana, kamar yadda ake ajiye wa kowane jariri ƙarfe a kansa saboda iska. 'Ya'ya biyu na binne kafin wannan, dukansu ba su kai suna ba, kuma a lokacinsu wuƙar tana hannun yayana a Makka.

Maigidana ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, iƙamarsa ita ce abincinmu. Ya shigo da wuƙar yanka albasa ya ce, "Ki sa wannan, ai ƙarfe ƙarfe ne. Halas, magana ta ƙare, ba ni waccan."

Na ce, "Malam, ka je ka yanka albasarka."

Na san tsoronsa gaskiya ne, ni ma ina jin sa. Amma na gaji da binne 'ya'ya, kuma na tsani zaman jiran a ƙwanƙwasa ƙofa. Na goya ɗana, na soke wuƙar a zane, na fita da ɗanyen jego, tsofaffi na salati a bayana. Ban tsaya ko'ina ba sai gaban umda, mai unguwarmu.

Na ajiye ta a teburinsa, na kwance yaron na shimfiɗa a kanta. Na ce, "Ya shekh, ga makamin, ga mai shi. In za a karɓa, a haɗa da shi."

Ya daɗe yana kallon yaron. Sannan ya ce, "Yalla ya hajja, tafi gida. Ni jariri kawai na gani."

Maigidana bai ƙara ce mini uffan ba. Sai ranar suna, bayan an watse, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko yaron ya sha nono.